Gyallesu da Neman Malamin Turanci a Arewa

Duk wanda ya fito daga birnin Zariya ta Ƙofar Doka da sassafe, ya ratsa Tudun Wada ya nufi Kongo, zai haɗu da ayarin samari da 'yan mata, wasu a kan acaɓa, wasu cunkushe a Keke Napep, wasu a ƙasa, duk sun nufi ƙofa guda a Gyallesu. Sunan da mutum ya kira makarantar da ke bayan wannan ƙofa shi ke nuna zamaninsa. Dattawa har gobe ATC suke cewa. 'Ya'yansu sun tashi da FCE a baki. Jikoki kuwa sun fara sabawa da sabon suna, Jami'ar Ilimi ta Tarayya.

Mutanen nesa da yawa ba su san sunan unguwar ba sai a watan Disamba na 2015, lokacin arangamar sojoji da mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky, wanda gidansa ke can. Amma shekaru da dama kafin haka, a ofisoshin ilimi na Arewa, daga Sakkwato har Adamawa, an san wannan kwaleji da cewa daga nan malaman sakandare ke fitowa. Cikin malaman da ake dako kuwa babu wanda aka fi ƙishirwarsa kamar malamin Turanci, domin lissafi da kimiyya da labarin ƙasa duk da harshensa ake koyar da su, kuma da shi ake rubuta jarrabawarsu. Yaron da ya faɗi Turanci a jarrabawar fita sakandare, ko da ya cinye sauran, ƙofar jami'a a rufe take gare shi.

Karatun da ake yi don samar da wannan malami abu biyu ne aka ɗaura wa mutum ɗaya. A hannu guda akwai harshen kansa da adabinsa: nahawu, furuci, rubutun insha'i, ƙagaggun labarai, waƙoƙi da wasan kwaikwayo. A ɗaya hannun akwai ilimin koyarwa: halayyar yara, tarihin ilimi da falsafarsa, tsara manhaja, auna fahimta da jarrabawa, da dabarun tsayuwa gaban aji. An haɗa su ne da gangan, domin wanda ya iya Turanci ya zauna a aji ya koyar da shi. Tarihin shekara ɗari ya nuna Arewa ta iya horar da irin wannan mutum. Riƙe shi a aji ne ya yi ta gagarar ta.

Da farko ma Turawan mulki ba su yi ɗokin ba 'yan Arewa harshensu ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ake karatu a cikinta. Razdan da Di'o sun fi son su koyi Hausa su yi magana da sarki da alƙali, da a ce talaka ya koyi Turanci ya karanta jaridun Legas. Sarakuna da iyaye su ma suna ɗari-ɗari da boko, musamman ganin yadda yake tafe da 'yan mishan. A cikin birnin Zariya, Dokta Walter Miller na CMS ya zauna tun 1905 yana koyarwa, kafin daga baya a mayar da mishan ɗin Wusasa. Sakamakon haka shi ne ofisoshin gwamnati da na jirgin ƙasa da kantunan Turawa suka cika da akawuna daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, wato Ghana ta yau.

Kwalejin Katsina ce ta fara sauya wannan. An fara karatu a cikinta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, kuma manufarta ɗaya ce: ta horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. Ɗalibai kaɗan ne ake tsamowa daga kowane lardi, su yi shekara biyar. Abin da ta yi suna a kai shi ne Turancin baka. Ana tsare yaro a kan sauti ɗaya har sai ya fita daidai, ana sa shi karatu da babbar murya, ana gyara masa inda zai ɗaga murya da inda zai sauke. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a can daga 1928 zuwa 1933, shi ne shaidar da kowa ke kawowa. Faya-fayan jawabansa suna nan, kuma har yau malaman furuci kan kunna wa ɗalibai su. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yanzu.

To ina malaman da ta yaye suka ƙare? Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, cikin 'yan shekaru aka naɗa shi hakimin Raɓa. Tafawa Ɓalewa ya daɗe a Midil ta Bauci, har aka tura shi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, ya dawo siyasa ta ɗauke shi. Malam Aminu Kano ya bi sahunsa zuwa Landan a 1946, ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya koyar a kwalejin horar da malamai ta Maru, a 1950 ya ajiye alli ya kama jam'iyyar NEPU. Shehu Shagari da Maitama Sule duk daga aji suka tafi majalisar Legas a 1954. A nan gida, marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris ya yi koyarwa a Hunƙuyi kafin aikin En'e da fada su ja shi. Babu mai zarginsu. Ƙasa na shirin karɓar mulki, kuma duk ɗan Arewan da zai iya tsayawa ya yi muhawara da Bature ko da lauyan Legas a harshensu, ana nemansa ruwa a jallo. Amma kowane ɗaya da ya tafi, aji guda ne ya rasa gwaninsa.

Akwai wani abu game da wannan rukuni da ya kamata masu tsara manhaja a yau su riƙa tunawa. Waɗannan mutane da suka fi kowa Turanci su ne kuma suka kafa ƙagaggen labarin Hausa na boko, kuma a Zariya aka yi aikin. Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Talifi, ya zaga ya nemi malamai su shiga gasar rubutu a 1933. Abubakar Imam, yana malami a Midil ta Katsina, ya kawo Ruwan Bagaja. Tafawa Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar. Malam Bello Kagara, malami a Kwalejin Katsina, ya kawo Ganɗoki. Imam ya zo Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, inda ya ɗebo labaran Larabawa da na Indiya da na Turai ya rina su da Hausa har ba a gane baƙi ne, sannan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a watan Janairun 1939. Karatun da suka yi a wani harshe bai raba su da nasu ba, ƙara musu kaifi ya yi a cikinsa. Tukur-Tukur, inda aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, ba ta da nisa da Gyallesu.

Da 'yancin kai ya matso, sai lissafi ya fito fili. A 1957 makarantun sakandare a duk faɗin Jihar Arewa ba su kai ashirin ba, alhali Kudu na da fiye da ɗari da hamsin. Gwamnatin Sardauna na son cike ofisoshi da 'yan Arewa, amma ba a samun ma'aikaci sai an sami sakandare, ba a samun sakandare sai an sami malami. Malaman Gired Tu na firamare ne. Masu digiri kuwa kusan duk Turawa ne, kuma sun fara ɗaure kaya. A 1959 gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sir Eric Ashby don duba bukatun ilimi mai zurfi na shekara ashirin masu zuwa, Shettima Kashim Ibrahim na cikin wakilansa, kuma ya miƙa rahotonsa a 1960. Abu biyu da suka shafi wannan labari sun fito daga wannan yunƙuri. Na farko, a samar da malami na tsaka-tsaki, wanda ya fi Gired Tu amma bai kai digiri ba. Na biyu, jami'o'i su fara digirin da ya haɗa darasin koyarwa da ilimin koyarwa a lokaci guda.

Wannan na biyun sabon abu ne. Tsarin Ingila shi ne mutum ya gama digirinsa na Turanci ko tarihi tukuna, sannan in yana son koyarwa ya ƙara shekara guda ta difloma. Matsalar a Nijeriya ita ce wanda ya riƙe digirin Turanci zalla a wancan zamani, kafin tawadar takardarsa ta bushe an ba shi ofis da mota da gida a GRA. Wa zai koma ya yi difloma don ya sha ƙurar alli? Jami'ar Nsukka ta fara haɗaɗɗen digirin a 1961, sauran jami'o'i suka biyo baya, har da Jami'ar Ahmadu Bello.

Shekarar 1962 ta yi wa Zariya albarka biyu. A ranar 4 ga Oktoba aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Norman Alexander ɗan ƙasar New Zealand na shugabanta. A watan Nuwamba kuma aka buɗe babbar kwalejin horar da malaman sakandare ta Arewa, wadda aka fi sani da ATC, da tallafin UNESCO da asusun musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya, lokacin Alhaji Isa Kaita na ministan ilimi na Arewa, Muhammadu Aminu na sarautar Zazzau. 'Yan uwanta sun tashi a Legas da Ibadan da Owerri, ta Kano ta biyo baya. Karatun shekara uku ne, ɗalibi ya ɗauki darussa biyu da zai koyar, ya haɗa da ilimin koyarwa, ya fita da takardar NCE. Da yawa daga ɗaliban farko ba yara ba ne. Malaman Gired Tu ne da suka riga suka yi shekaru a aji, wasu da iyali, waɗanda suka san wahalar koya wa yaron ƙauye jimlar Turanci ta farko tun kafin su ji sunan wani masanin halayyar yara. Kwalejin ta fara a wurin aro, daga baya ta tare a mazauninta na dindindin a Gyallesu, bakin tsohuwar hanyar Jos, daura da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Ba a jima ba guguwa ta taso. Juyin mulkin 1966 da rikicin da ya biyo baya sun sa malamai 'yan Kudu da yawa sun bar Arewa. A 1967 aka rushe Jihar Arewa aka yi jihohi shida, kwalejin ta zama ta kowa kuma ba ta kowa ba, har a 1970 aka miƙa ta, ita da ta Kano, ga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan haɗi ya yi mata rana. Jami'a ce ke duba manhaja da jarrabawa, kuma mai NCE da ya yi kyau yana iya tsallakawa Samaru ya shiga aji biyu kai tsaye ya ƙarasa digirin Turanci da ilimi. Duk da haka malamai ba su wadata ba. Wanda ya yi sakandare a Arewa tsakanin 1965 da 1985 zai iya lissafa bakunan da ya ji Turanci daga gare su: Ba'amurke ɗan sa-kai na Peace Corps, Ba'indiye, ɗan Pakistan, 'yar Filifin, ɗan Ghana har zuwa korar baƙi ta 1983, da ɗan bautar ƙasa bayan an kafa NYSC a 1973.

A daidai wannan lokaci abin da ake kira adabin Turanci ma yana sauya kama. Malaman farko sun tashi da Shakespeare da Dickens da mawaƙan Ingila masu yabon furanni da dusar ƙanƙarar da ɗan Zazzau bai taɓa gani ba. A 1962, shekarar da aka buɗe kwalejin, kamfanin Heinemann ya fara jerin littattafan marubutan Afirka, Things Fall Apart na Chinua Achebe ne na ɗaya, Burning Grass na Cyprian Ekwensi na biyu. Wannan na biyun labarin Fulani makiyaya ne, marubucinsa kuma haifaffen Minna. Ga malamin da ke tsaye gaban yaran Giwa ko Soba, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne: a karo na farko zai koyar da littafin Turanci wanda ɗalibansa suka fi shi sanin abin da ke ciki, ruga da shanu da sharo. A 1968 Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu a Nairobi suka nemi a rushe sashen Turanci a kafa na adabin Afirka, muhawarar ta zaga jami'o'in nahiyar. A Samaru ta ɗauki salo nata. A 1975 Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin sashen Turanci, aka gina dandalin wasa da jar ƙasa irin ginin Hausa, ɗalibai suka riƙa fita unguwanni da ƙauyuka suna shirya wasa da Hausa a kan matsalolin mutanen wurin. Ibrahim Yaro Yahaya ya riga ya mayar da wani wasan Shakespeare Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Sannan 'yan Arewa suka fara fitar da nasu da Turanci: Mohammed Sule da The Undesirable Element a 1977, Labo Yari da Climate of Corruption a 1978, Zaynab Alkali da The Stillborn a 1984, shekarar da Ibrahim Tahir ya fitar da The Last Imam. Littafin Zaynab Alkali ya yi tasiri na daban a kwalejojin malamai, domin 'yan mata da yawa sun ga kansu a yarinyar da ke faɗi-tashin yin karatu da riƙe gida.

Sai shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumban 1976. An yi shirin yara miliyan 2.3, kimanin miliyan uku suka bayyana. Aka buɗe kwalejojin Gired Tu barkatai, aka gajarta horo, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don koyarwa daga nesa. Niyyar mai kyau ce, kuma miliyoyin 'ya'yan talakawa ta wannan ƙofa suka shiga boko. Amma a nan zaren Turanci ya fara tsinkewa. Malamin da aka yaye cikin gaggawa ya koyar da abin da bai ƙware ba, ɗalibinsa ya zama malami, ya miƙa abin da ya samu. Da tsarin tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, albashin malami ya zama abin tausayi, masu NCE da digirin Turanci suka watsu zuwa bankuna da gidajen rediyo da jaridu da kwastan. A 1989 aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, a farkon shekarun 1990 aka cire kwalejin Gyallesu daga ƙarƙashin jami'a ta koma FCE, wato Kwalejin Ilimi ta Tarayya, aka kuma ayyana NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar shiga aikin koyarwa, aka rufe babin Gired Tu.

In ana son ganin inda kashi biyun nan na karatu, wato harshe da ilimin koyarwa, ke haɗuwa, sai a bi ɗaliba zuwa gwajin koyarwa, abin da suke kira TP. An tura ta wata ƙaramar sakandare a cikin birni ko Tudun Jukun. Ta kwana tana rubuta tsarin darasi: manufa, abin da yara suka riga suka sani, kayan aiki, mataki na ɗaya, na biyu, na uku, tambayoyin aunawa. Ajin ya cika har bakin taga, wasu a benci, wasu a ƙasa. Malamin da kwaleji ta turo ya duba ta yana zaune can baya da takardar maki a cinya. Darasin yau furuci ne, bambancin sautin p da na f, wanda kunnen Bahaushe bai saba rabawa ba domin a harshensa ba su raba ma'ana. A darasin ilimin sauti an koya mata sunan kowane sauti da inda yake fita a baki. Wannan ba zai amfani yaro ɗan shekara goma sha biyu ba. Abin da zai amfane shi shi ne ta yago 'yar takarda ta riƙe gaban leɓenta, ta rufe leɓe ta saki iska takardar ta yi tsalle, sannan ta ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ta hura a hankali. Yara su yago nasu, aji ya kaure da hure-hure da dariya, amma kafin a kaɗa ƙararrawa rabinsu sun ji bambancin a bakinsu. In ta tsaya tana karanto musu bayanin littafi, abin da malamin zai rubuta mata a takarda sananne ne: ta cinye lokaci tana magana ita kaɗai, yaro ko ɗaya bai buɗe baki ba. Wanda ya karanta Turanci zalla zai iya fin ta sanin tarihin harshen. Dabarar 'yar takardar nan kuwa, da sanin lokacin da za a bar Turanci a yi wa yaro bayani da Hausa a dawo, su ne abin da rabin karatunta na biyu ya ba ta.

Adabi ne ya fi shan wuya. Shagunan hoton takardu da ke kewaye da kowace babbar makaranta a ƙasar nan sun san abin da ake saye: taƙaitaccen bayani, jerin taurarin labari, jigogi biyar, tambayoyin shekarun baya. Ana iya samun ɗalibin da ya ci jarrabawa a kan littafin da bai taɓa riƙewa ba, gobe kuma shi zai koyar da shi. Hukumar JAMB ta yi ƙoƙarin tilasta karatu ta hanyar sa wa duk mai neman shiga jami'a ƙagaggen labari guda, kuma daga 2021 na wasu shekaru littafin shi ne The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, wanda labarinsa ke gudana a Jami'ar Ahmadu Bello. Nan da nan shi ma taƙaitawarsa ta cika kasuwa da wayoyi. Abin takaicin shi ne waɗannan matasa ba ƙin karatu suke yi ba. 'Yan matan da ake cewa ba sa karatu su ne ke cinye littattafan Hausa na soyayya da na zaman aure, da a bugun kasuwar Kano, yanzu a waya. Malamin adabi mai basira zai fara daga nan. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu yana da fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi a 2012, haka Shaihu Umar tun 1967 ta hannun Mervyn Hiskett, kuma ɗaliban da suka haɗa Turanci da Hausa a NCE sun fi kowa dacewa da ajiye littattafan biyu gefe da gefe a aji.

Gwamnati kuwa ta kasa tsayawa a magana ɗaya kan harshen da za a fara da shi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare, sannan a juya zuwa Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida, aka ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A 2022 majalisar zartarwa ta amince da harshen gida har ƙarshen firamare. A ƙarshen 2025 ministan ilimi ya sanar da soke wannan, ya ce Turanci ne daga farko har ƙarshe. Ko wacce aka bi, nauyin a wuyan mutum ɗaya yake sauka. In da Hausa za a fara, ana bukatar gwanin da zai ƙetarar da yaro zuwa Turanci. In da Turanci za a fara, to kowane malamin aji ɗaya ya zama malamin Turanci, ko ya iya ko bai iya ba.

A nan ne maganar ta fi ciwo. A zamaninta, Kwalejin Katsina ta kasance tana zaɓen yaran da suka fi kowa a lardi. A 'yan shekarun nan, mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, na jami'a kuwa 140 ko sama. A cikin jami'ar ma, sau da yawa wanda ya nemi lauya ko aikin jarida bai samu ba shi ake turawa tsangayar ilimi, ya shiga yana ƙunƙuni yana neman hanyar canji. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta sa ba, ta sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta yi yajin aiki tana ƙalubalantar yadda aka yi gwajin. An yi ta yawo da hotunan takardun amsa ana dariya. Ba abin dariya ba ne. Waɗannan mutane wani ne ya koyar da su, wani ya ba su takarda, wani ya ɗauke su aiki, kuma an daɗe ana biyansu abin da ba zai sa mai zaɓi ya zaɓi aji ba. Duk da haka, a kowace shekara akwai waɗanda ke shiga Gyallesu da son ransu, musamman mata, waɗanda iyaye da mazaje suka fi sakin jiki da aikin koyarwa gare su, kuma su ne ke riƙe da darasin Turanci a makarantun gwamnati da na kuɗi da Islamiyyu masu haɗa boko a Zariya da kewaye.

Maganar mayar da kwalejin jami'a ta daɗe tana kai-komo. A watan Mayun 2015 gwamnatin Jonathan ta amince a ɗaga tsofaffin kwalejoji huɗu, na Zariya da Kano da Ondo da Owerri, gwamnatin Buhari ta dakatar da matakin bayan 'yan watanni, sai bayan shekaru aka sake tabbatar da shi. Tun kafin haka kwalejin na gudanar da digiri a ƙarƙashin inuwar Jami'ar Ahmadu Bello, yanzu kuwa za ta ba da nata. Ma'aikata da mutanen gari sun yi murna, kuma suna da hujja, domin sunan jami'a na jawo ɗaliban da a da ba za su kalli ƙofar ba. Sai dai digiri shi ne takardar da ta fi sauƙin fita da ita daga aji, kamar yadda aka gani tun zamanin Ashby. Jihohin da za su ɗauki waɗannan ɗalibai, Kaduna da Katsina da Kano da Zamfara da sauransu, su ke da ikon yanka albashi, da biya a kan lokaci, da sayen littattafan da za a karanta a aji, da rage yawan yaran da ake tara wa malami ɗaya. Dokar da ta ƙara wa malamai shekarun ritaya zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, an sa mata hannu a 2022, amma sabon tsarin albashi na musamman da aka yi wa malamai alkawari tun 2020 yawancinsu har yanzu jiransa suke yi.